Habbanayen Littafi

Da na bar aiki na dawo Dakoro, ban cika wata uku ba zaman gida ya ishe ni. Na koyar a lakwal, wato makarantar boko, na yi aikin duba makarantu, aikin ya kai ni Yamai da Dakar da Bamako, na leƙa Alje, na ɗan zauna Kano wajen dangin matata, sai ga ni a ƙarshe bisa tabarma a ƙofar gida ina korar awakin maƙwabta. Saboda haka ranar da darektan wani kwaleji na garin, wanda ni na koya masa riƙon alli yana yaro, ya zo ya ce an aiko musu da kwalayen littattafai daga ƙasar waje kuma ba su da mai kula da su, ban bari ya ƙarasa magana ba na tashi neman takalmina.

Ɗakin da aka ba ni tsohon ma'ajin kujeru ne, taga ɗaya, armuwar biyu na ƙarfe, wato kabad na jera littattafai. Na yi makonni ina buɗe kwali ina tankaɗe. Akwai littafin dafa abincin da ko sunan kayan haɗinsa ba a taɓa ji ba a kasuwarmu. Akwai na dokokin hanya na wata ƙasa. Abin da yaro zai iya buɗewa ya ga wani abu nasa a ciki bai cika armuwar ɗaya ba. Na je Maraɗi na samo 'yan na Hausa, na kwaso wasu daga cikin nawa na gida, aka buga musu tampo, wato hatimin makaranta, suka zama na kowa.

A yawona na ga yadda ɗakin karatu ke mutuwa. A wani gari na tarar da littattafai sababbi fil cikin armuwar a kulle, mabuɗi a aljihun wani da ya tafi hutu. A wani kuma na tarar da katakai wayam, an ara an ara ba a maido ba. Na biyun ya fi ba ni tsoro. A Dakar da Alje na ga ana ba mai aro kwana goma sha biyar ya maido littafi, kuma na ga abin yana tafiya. Sai na rubuta haka da manyan baƙaƙe na manna a ƙofa, ina jin kaina mutumin da ya ga duniya.

Aikin da na fi so shi ne zaɓa wa yaro littafi. Ba na tambayarsa abin da yake son karantawa, don bai sani ba. Tambayarsa nake me yake yi in ya koma gida, wa yake ba shi dariya, me ya taɓa ba shi tsoro. Ɗan mai gyaran moto, wato babur, na ba shi wani mai zanen cikin injin, ya dawo yana gardama wai an manta da wani ƙarfe. Wata da ba ta son komai na ba ta na tatsuniyoyi da Hausa, ta ce kakarta ta fi mai littafin iyawa. Na ce to je ki rubuto na kakar. Ba ta rubuto ba, amma ta ci gaba da zuwa.

A shekara ta biyu ne wata yarinya ta fara leƙowa, siririya, 'yar aji biyu, shekarunta ba su wuce sha huɗu ba. 'Yar Fulani ce daga wata ruga wajen Korahane, tana zaune a gari wurin wata mai sayar da fura da ubanta ya sani. Ni kuwa uwata Babarbariya ce, don haka duk Bafillacen da ya faɗo hannuna sai ya sha ba'a.

Na ce, "Ke 'yar Fulani, an ce miki nan ana awon nono ne?"

Ta ce, "A'a Baba. Cewa aka yi wani tsohon Babarbare na gadin takardu, na zo in gani ko ya iya karanta su ko gadin kawai yake."

Daga ranar muka ƙulla. Ta cinye na Hausa duka cikin 'yan watanni, ta shiga na Faransanci da yatsa bisa layi, leɓɓanta na motsi. Ba ta taɓa wuce kwana goma sha biyar ba. Mai furar ce ta gaya mini cewa ita kaɗai ce daga rugarsu ta kai kwaleji. Ubanta ne ya kafe a kan haka, yayyensa kuwa ba su so, suna cewa boko na cire wa yaro kunya, kuma kowace shekara sai an sake maganar kafin a bar ta ta dawo. Na ji wannan, na san zamanta a aji ba shi da ƙarfi. Ina so a san cewa na sani.

Ranar ƙarshe kafin babban hutu ta zo sallama. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, mutanen rugarsu za su bi shanu arewa. Na riga na rufe babban littafin da nake rubuta masu aro, na sa shi a armuwar. Sai na ji ba na son ta yi wata uku ba komai a hannu. Na ciro littafi uku na jera a tebur, na ɗaga wannan na ajiye, na ɗaga wancan na ajiye, tana tsaye tana kallona. Daga ƙarshe na mayar da biyu na riƙe ɗaya, siriri mai shuɗin bango. Cikin nawa na gida ne da na kawo. Yana ba da labarin wasu mutane can ƙarshen arewacin duniya, ƙasar ƙanƙara, masu kiwon wata dabba kamar barewa mai ƙaho kamar rassan itace. Suna bin dabbar da bukkokinsu, suna tashi in ciyawa ta ƙare, suna shan nononta.

Ta buɗe ta dubi hotunan ta daɗe. Ta ce, "Baba, su ma manoma na kai su ƙara in dabbar ta shiga gona?"

Na ce, "Ƙasarsu ba a noma."

Ta ce, "To ashe aljanna ce."

Na yi dariya har da tari. Na gaya mata yadda na same shi a bakin titi a Dakar tun ba a haife ta ba, yadda ya bi ni gari gari cikin akwati. Na ce, "Wannan nawa ne na kaina, ya fi ki yawo. Na zaɓa miki shi. Ki kula mini da shi." Na miƙa mata.

Sai na ga wasa ya bar fuskarta. Ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu, ta yi mini wata doguwar addu'a da Fillanci, irin ta manya. Na ɗauka godiyar yara ce da ta yi yawa. Ba ta tambayi ranar maidowa ba, ni ma ban faɗa ba, don a wurina abin a fili yake: in an koma lakwal.

Da aka koma ta zo da kwalbar man shanu, ta ce in ji ubanta, yana gaishe ni da kyau. Na karɓa na sa albarka. Na ce, "Ina littafina?"

Ta ce, "Yana lafiya lau, Baba. Ruwa bai taɓa shi ba."

Bayan mako biyu na sake tambaya. Ta ce ta ɗinka masa gafaka ta fata, gara ba za ta kai gare shi ba. Na ce ban tambaye ki labarin lafiyarsa ba, shi nake son gani. Ta dube ni kamar ba ta gane ni ba. Karo na uku ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta, sannan ta fita. Daga nan ta rage zuwa. Ni kuwa na yanke a raina cewa littafin ya faɗa rijiya ko maraƙi ya tauna shi, kunya ce ta hana ta faɗa. Da ta faɗa da na yafe. Abin da ya ɓata mini rai shi ne ina ganin tana yi mini wasa da hankali.

A lokacin yara bakwai ne suka riƙe littattafai. Na tuna katakan nan wayam da na gani a wancan gari. Na zauna na rubuta wa iyaye takarda da Faransanci mai nauyi, irin wanda na iya tun ina duba makarantu: ɗanku ya riƙe kayan gwamnati, a maido cikin gaggawa, in ba haka ba za a ɗauki mataki. Ban san ma wane mataki ba ne. Darekta ya karanta sunayen, ya ɗago kai.

Ya kira ni yadda yaran lakwal ke kiran malaminsu, ya ce, "Mushe, har da 'yar Fulaninka?"

Na ce, "In na cire ta, da wane ido zan dubi sauran?"

Ya buga tampo. Ni na koya masa karatu, ba zai yi mini gardama ba.

Yaran gari shida, iyayensu suka ja musu kunne, kashegari littattafai suka dawo, wani ma da tabon miya. Aka yi dariya aka wuce. Takardarta kuwa mai fura ta ba wani mai zuwa daji, ta iske uban ranar kasuwa, a wurin bisashe, inda ake cinikin dabbobi, yana tsaye da yayyensa biyu. Bai iya karatu ba. Makiyayi kuma in ya ga takarda mai tampo, abin da ya sani shi ne shanunsa sun yi ɓarna ko jandarma na nemansa. Ya miƙa wa wani dillali da ya ɗan yi lakwal. Dillalin ya karanta da ƙarfi, yana fassarawa yana ƙara gishiri, mutane suka taru. Wai ɗiyarka ta riƙe kayan gwamnati ta ƙi maidowa. Duk wannan daga baya na ji shi, daga bakin mai fura.

Bayan kwana biyu da hantsi aka yi sallama a ƙofar gidana. Uban yarinyar ne, dogon mutum, sandarsa a kafaɗa, malafa a kai. Na shimfiɗa masa tabarma. Na gaishe shi da Fillanci, ya amsa da Hausa. Na sake da Fillanci, na ɗan taɓa shi da ba'a irin tamu, ya sake amsawa da Hausa bai ko murmusa ba. Ya tambayi lafiyata da ta iyali da gajiya, bai tsallake ko ɗaya ba. Sannan ya sa hannu cikin riga ya ciro ƙaramar gafaka ta jar fata ya ajiye a gabana. Ya sake sa hannu ya ciro kaye uku, littattafan rubutu irin na 'yan lakwal, ya ɗora a kai.

Ya ce, "Malam, ga naggenka. Ga kuma maruƙanta."

A take na gane, don nagge saniya ce da Fillanci. Na san habbanaye. Na san cewa Bafillace kan shiga garkensa ya zaɓi karsana da kansa, ya ba wanda yake so ya riƙe ta. Wanda aka ba yana kiwonta fiye da nasa, ya sha nononta, ta haihu sau biyu ko uku, maruƙan su zama nasa, sannan ya maido uwar da godiya. Na san ba a sa mata rana. Na san in mai ita ya tambaya, labarin lafiyarta ake ba shi, kuma in ya matsa a maido tun ba ta haihu ba, to ya ce bai yarda da kai ba ke nan. Na taɓa tsayawa gaban Turawa a wani taro a Bamako na bayyana musu wannan al'ada da Faransanci, suka tafa mini.

Uban ya ce, "Da ta zo da shi ruga, ta ce wani dattijo a gari ya shiga cikin nashi ya zaɓa mata. Na tara 'yan'uwana na nuna musu. Na ce kun gani, kuna cewa boko ba su san mutunci ba, ga wani ya ɗaura wa ɗiyata habbanaye. Duk damina tana zaune ƙarƙashin itace tana rubutu. In mun tashi, cikin kayan uwarta ake sa shi, wurin ƙore."

Na buɗe kaye na farko. Littafin ne gaba ɗaya, ta kwafe shi da Faransanci da shuɗin bik, wato biro, har da zanen dabbar mai rassa. Na biyu, ta juya shi zuwa Hausa, Hausarta ta ruga mai daɗi. Na uku da Fillanci ne, wanda ba wanda ya taɓa koya mata rubuta shi, tana ƙirƙiro yadda za ta sa sautin da babu a Faransanci. Wannan bai kai rabi ba.

Na ce, "Wallahi ban gane ba. Kuskurena ne. Takardar nan ba komai ba ce, yara bakwai aka aika wa."

Ya ce, "Na ji. Amma ni a gaban yayyena aka karanta ta."

Na ce zan je kasuwar da kaina, in tsaya inda aka karanta ta in ce ni na yi laifi. Na ce darekta zai rubuta wata takardar.

Ya ce, "Wata takarda kuma, Malam?"

Na tura masa kayen uku. Na ce ko ba komai waɗannan nata ne, haka al'adar take, maruƙa na mai kiwo ne. Ya dube su bai taɓa ba. Ya ce wanda aka karɓi naggensa ta hannun hukuma ba ya riƙe maruƙa. Ya miƙe, ya yi mini sallama cikakkiya, ya ce in gaida gida. Na bi shi har bakin hanya ina magana, da Hausa, da Fillanci, ban san ma me nake cewa ba. Da yamma na je gidan mai fura. Ta nuna mini inda tabarmar yarinyar take. An naɗe ta, an tafi da yarinyar tun da safe, kafin ma ya zo wurina.

Ranar kasuwa ta gaba na je wurin bisashe na faɗi abin da na ce zan faɗa. Dillalai suka saurara, wani ya ce Allah ya kyauta, wani ya tambaye ni ko ina sayen rago. Waɗanda nake so su ji ba su zo ba. Darekta ya ba ni mai moto ya kai ni wajen Korahane. Muka tarar da toka da turaku da kashin shanu. Wata tsohuwa a rijiya ta ce sun yi kudu. Na bar saƙo wurin duk wanda na san yana bin wannan hanya. Darekta ya bar sunanta cikin aji har ƙarshen shekara, ana kira ana shiru, sannan dole ya cire.

Na sauke takardar da na manna a ƙofa. Ban daina sa wa yara rana ba, don ɗakin karatu ba ya rayuwa sai da haka, amma yanzu da baki nake faɗa, ina kallon idon yaro, in kuma ɗan daji ne sai in tambaye shi yaushe za su tashi, yaushe za su dawo. Kayen Hausar na sa an yi masa bango na sa shi a armuwar. Yaran da ke gudun Faransanci shi suke fara ɗauka. Sun tambaye ni wa ya rubuta, na ce wata yayarku ce.

Sai da shekara ta zagayo da 'yan watanni na sake ganin uban, a kasuwar Kornaka. Tun ranar da ya zo gidana nake yawo da kayen Fillancin cikin jakata duk kasuwar da na je. Na hango malafarsa wurin masu igiya. Ya gan ni bai kauce ba. Muka gaisa, wannan karon ya amsa mini da Fillanci. Na ce masa darekta ya yarda ta dawo ta maimaita ajin, ni zan riƙe ta a gidana tare da jikokina, ba sai ta zauna wurin kowa ba.

Ya murza igiyar da ke hannunsa. Ya ce ya daɗe da hucewa, ya san ban yi da mugunta ba. Amma ya riga ya ba yayyensa baki a gaban mutane cewa an gama da lakwal, kuma shekara biyar ya yi yana ja da su shi kaɗai, ba shi da sauran abin da zai ce musu. Ya ce yanzu ita ke bin maruƙa da ƙannenta, ta iya kuwa.

Na ciro kayen na miƙa masa. Na ce to ka kai mata wannan kawai, ta ƙarasa, ba sai ta maido ba.

Ya mai da hannayensa baya. Ya ce, "Ta yi wata uku ba ta cin abinci sosai, Malam. Yanzu ta fara dariya. In na kai mata wanga, za ta san mun haɗu, za ta sa rai."

Wani ya kira shi daga wurin shanu, ya ce mini sai wata rana, ya tafi. Na tsaya da kayen a hannu har mai igiya ya ce, Baba, in ba saye za ka yi ba ka ɗan matsa, ka tare mini rumfa. Na matsa.